Sunaye uku na shinge a tsohon Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun Turanci a jami'a. A darasin tarihin harshe an ba mu wata tsohuwar takardar iyakar fili ta Ingila, sai na ga kalmomin hecg, hege da haga, aka ce mana duk shinge suke nufi. Me ya sa abu ɗaya ya sami suna uku? Kuma suna da dangantaka da sunan nan Hayward?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tushen ukun ɗaya ne, ma'anarsa abin da aka kewaye wuri da shi, amma kowacce ta bi hanyarta.

Hecg ita ce ta zama hedge ta yau, wato jerin itatuwa masu rai da ake shukawa a bakin gona. Hege ta koma hay, ta ɓace daga bakin mutane sai a sunayen garuruwa da na iyalai. Kada ki haɗa ta da hay ta busasshiyar ciyawa, asalinsu daban. Haga kuwa ta fi karkata ga wurin da aka killace ɗin kansa. Daga gare ta aka sami hawthorn, ƙayar da aka fi yin shinge da ita a Ingila, har daga baya haw ta zama sunan jan ɗan itacen nan nata. 'Yar'uwar kalmar haga na nan a Holan: cikakken sunan birnin Hague, inda kotun duniya take, yana nufin killataccen filin hakimi.

Hasashenki kan Hayward daidai ne. Muƙami ne a ƙauyukan Ingila na da, mai kula da shinge. Shi ke zagayawa ya ga ko an yi ɓaraka, ya kama dabbar da ta faɗa wa amfanin gona, ya tsare ta sai mai ita ya biya tara. Akwai kuma haybote, haƙƙin da manomi yake da shi na saran itace a filin ubangidansa don gyaran shinge. A nan nake so ki tsaya ki lura: yawancin waɗannan kalmomi na shari'a ne da na kiwo, domin rigimar dabba da gona ce ta haife su. Duk wanda ya san burtali da aka yi wa layin aguwa dama da hagu don shanu su wuce ba su yi ɓarna ba, ya riga ya fahimci aikin shingen Ingila.

Kalmar da ta fi burge ni ita ce quickset. A tsohon Turanci cwic na nufin mai rai, ma'anar sauri daga baya ta zo. Quickset shi ne shingen da aka dasa da ɗanyen reshe ya kama ƙasa, saɓanin na busasshiyar ƙaya da ake sabuntawa kullum.

Shinge mai rai in an bar shi sai ya yi tsawo, ƙasansa ya buɗe, tumaki su rinƙa kutsawa. Saboda haka a lokacin sanyi ake kwantar da shi. Mai aikin zai sari kowane kara kusa da gindi da wata adda mai lanƙwasasshen baki, billhook, amma ba zai tsinke shi ba, sai ya bar ɓawo da itace kaɗan yadda ruwan jikinsa zai ci gaba da hawa. Sannan ya karkata shi ya jingina a kan na kusa. Wannan kara da aka kwantar sunansa pleacher, kuma ita ba tsohon Turanci ba ce, daga tsohon Faransanci ta shigo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Sai a kafa turaku a tsakani, a murɗa siraran sanduna a sama su ɗaure komai. A wasu yankuna ana kiran sandunan ether ko edder, daga eodor, wata tsohuwar kalmar ta shinge da za ki iya cin karo da ita.

Game da takardar da ke hannunki, irinta masu nazarin tarihin ƙasa ke ɗauka su bi iyaka da ƙafa, kuma akwai wuraren da shingen da aka ambata shekara dubu da ta wuce yake nan a layinsa. Akan gane tsoho da karkacewarsa da yawan irin itatuwan cikinsa. Masanin tsirrai Max Hooper ya kawo wani ƙiyasi: a ƙirga nau'o'in itace a tsawon yadi 30, kowane nau'i kusan shekara 100 ke nan. Ƙiyasi ne kawai, ba ya aiki a ko'ina. Miƙaƙƙun shingayen hawthorn zalla kuwa galibi na tsakanin 1750 da 1850 ne, lokacin da dokokin majalisa suka yayyanka filayen gama-gari suka miƙa wa ɗaiɗaikun mutane, talakawa da dama suka rasa wurin kiwo. An tumɓuke shinge mai yawa bayan yaƙin duniya na biyu don manyan motocin noma su sami fili, sai a 1997 aka yi dokar da ta hana cire muhimman cikinsu ba tare da izini ba.