Amsoshin tambayoyinku: waya muke saya ko sunan Apple?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Satin nan saƙonni sun zo da yawa kuma kusan rabinsu a kan iPhone ne kamar kun haɗa baki, na ɗauki huɗu. Masu tambayar sola da keken ɗinki a yi haƙuri sai wani satin in Allah ya kai mu.

"Malam barka da aiki. Ni da abokina kullum musu muke a majalisa bayan isha'i, shi ya ce tun da Steve Jobs ya mutu Apple ta mutu, wai Tim Cook ɗan kasuwa ne kawai, launin waya yake canzawa ya ƙara kuɗi. Ni kuma na ce ai a hannun Cook kamfanin ya yi arziki. Na daɗe ina tari don in sayi sabuwa a kwali amma maganarsa ta sa min shakka, dan Allah ka raba mana gardama." Daga wani ɗan Gwammaja, Kano.

Toh ɗan uwa, abokinka ya yi gaskiya da ya ce Cook, wanda ya gaji Jobs a shugabancin Apple, ɗan kasuwa ne, inda ya kauce shi ne da ya ɗauka Jobs wani waliyyi ne da bai san kuɗi ba. Lokacin da Jobs ya fito da iPhone ta farko a 2007 dala 499 da 599 ya sa mata, kuma sai ka ɗaure kanka da kamfanin layi na AT&T shekara 2. Har shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya yi dariya a gaban kyamara, shi a ganinsa wa zai ba da wannan kuɗin a wayar da ko madannai ba ta da su. Wata biyu da 'yan kwanaki Jobs ya zaftare dala 200, waɗanda suka kwana a layi suka saya da tsada suka yi masa caa, dole ya ba su dala 100 su yi sayayya a shagon Apple don su huce. Kaga kenan tsada ba Cook ya kawo ta ba, gado ya tarar. Kuma a zamanin Jobs ɗin ne iPhone 4 ta 2010 in ka riƙe ta ta wani gefe sabis ya gudu, sai da aka raba wa mutane riga kyauta.

Shi Cook ya shigo Apple a 1998 daga Compaq, kafin nan ya yi shekara 12 a IBM, kuma aikinsa tun farko ba ƙirƙira ba ne, harkar sito ce da masana'anta. Ka san irin ɗan kasuwar nan na Kantin Kwari da ba ya bari kaya su kwana, ya san wa zai ba shi da sauƙi, ya san yaushe kwantena za ta iso, toh shi ne Cook amma na duniya. Shi ya rufe ɗakunan ajiyar kamfanin ya miƙa haɗa kaya ga masana'antun Asiya irin su Foxconn. Ya karɓi shugabanci a watan Agusta 2011, Jobs ya rasu a Oktoba, lokacin darajar kamfanin wajen dala biliyan 350 ce. A 2018 ta kai tiriliyan 1, 2020 tiriliyan 2, farkon 2022 ta taɓa 3. Ta nan kam kai ka ci musun.

Amma wannan arzikin na masu hannun jari ne, kai da ni ko sisi ba mu da shi a ciki, saboda haka a daina kawo shi hujja a majalisa kamar gonar babanmu ce. Abin da ya shafe ka shi ne me ya fito a zamaninsa. Agogon Apple a 2015, iyafis mara igiya na AirPods a 2016, sai kuma ƙwaƙwalwar M1 da suka ƙera wa kwamfutocinsu a 2020, wadda gaskiya ta yi abin a zo a gani, laftof ta wuni ba caji kuma ba ta zafi, ko maƙiyinsu ya sara musu a nan. Ɗaya gefen kuma akwai abin kunya, taswirarsu ta 2012 da ta riƙa ɓatar da mutane har Cook ya rubuta takardar ban haƙuri, mota da suka shafe kusan shekara 10 suna ƙerawa a ɓoye suka watsar a 2024, tabaran nan Vision Pro na dala 3,499 da mutane kaɗan suka saya, ga sabuwar Siri, manhajar nan da ake yi wa magana ta amsa, da suka yi ta talla sannan a 2025 suka ce a dakata ba ta nuna ba. Babu wani abu ɗaya da ya girgiza duniya kamar iPhone ta farko, wannan abokinka bai yi ƙarya ba.

Ni abin da nake so ka gane, gwanintar Cook ba a sayar maka da waya take ba, a shinge take. Ka shiga da ƙafarka, fita ce wahala. Gigabait 5 na iCloud, ma'ajiyarsu ta intanet, suke ba ka kyauta tun 2011 har yau ba su ƙara ba, hotunan biki biyu sun cika shi, daga nan sai biyan wata wata. Sai ka ga iyafis ɗin da ya fi zama daidai da wayar nasu ne, agogon ma ba ya aiki da wata wayar sai tasu, masu manhaja kuma ana yankar har kashi 30 cikin 100 na cinikinsu, abin da ya sa kamfanin Epic Games ya maka su kotu a 2020. A shekarar kuɗinsu ta 2024 hidimomi irin su iCloud da yankan kuɗin manhaja kaɗai sun kawo musu sama da dala biliyan 96.

Batun ƙarin kuɗi kuwa, a nan ne ake ɗora wa Cook laifin da ba nasa ba duka. Eh shi ya fasa ƙofar dala 999 da iPhone X a 2017, sauran kamfanoni suka biyo. Amma ita ta yau da kullum ɗin tun daga iPhone 12 ta 2020 har 16 ta 2024 dala 799 take farawa a Amurka. Naira ce ta zame. Farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, 750 a kasuwar bayan fage, aka saki naira a watan Yuni, a 2024 ta wuce 1,500. Buga lissafi, 799 sau 750 kusan dubu 600 ne, sau 1,500 kuwa kusan miliyan 1 da dubu 200, ba kwastan ba ribar mai shago. Wannan ƙorafin Abuja za ka kai shi ba Kalifoniya ba.

Shawarata, ka tambayi kanka shekara nawa za ka riƙe ta. In shekara 5 ne, miliyan 1 da dubu 200 ya zama dubu 20 a wata, kuma wayar za ta kai, don suna daɗewa suna ba ta sabuntawa, iPhone 6s ta 2015 sai da ta samu har sabuntawar iOS 15 ta 2021, in ka tashi sayarwa kuma tana da kasuwa a Fam Senta, kasuwar waya ta Kano, fiye da kowace waya. In kuwa ka san halinka ne duk Satumba sai ka yi musaya da ciko don kar a ce taka ta tsufa, toh kai ne abincin Cook, ka bar kuɗinka ka ƙara a jari.

"Ina sayar da atamfa da turaren wuta ta Instagram da WhatsApp. Ƙawayena sun ce hoton iPhone ne ke jawo kwastoma. Kuɗina zai sayi iPhone 11 ta hannu 'yar Landan ko kuma sabuwar Infinix ko Tecno mai kyau. Wacce zan ɗauka?" Daga maman yara biyu, Zariya.

Hajiya Allah ya ba da kasuwa. Ƙawayenki ba su yi ƙarya ba, musamman a bidiyo, na iPhone ba ya rawa kuma in kin ɗora a status bai cika dagargajewa ba, launin atamfa ma yakan fito kusa da yadda yake a ido, wanda ke rage rigimar "ba wannan na gani a hoto ba". In don sana'a ne 11 ɗin tana da hujja. Amma ki sani waya ce ta 2019, ta kusa ƙarshen layin sabuntawa, kuma WhatsApp ba ya jiran kowa, a 2025 ya daina aiki a kan 5s da 6 da 6 Plus. Ba gobe za ta same ki ba, da saura, amma kar ki saye ta da tunanin shekara 6.

Su Tecno da Infinix da itel duk uwa ɗaya ce ta haife su, Transsion na birnin Shenzhen a Chaina, kuma su da mu suka yi lissafi tun farko, sim biyu, batir mai kwana, kyamarar da aka saita don baƙar fata, ga wuraren gyaransu na Carlcare a manyan garuruwa. Apple kuwa ko shago nata na kanta guda ɗaya ba ta da shi a duk Afirka, sai dillalai. In unguwarku wuta sai an ga dama, tsohuwar iPhone za ta mayar da ke 'yar rakiyar fawa bank.

In kin dage sai ita, kar ki je ke kaɗai, ki tafi da wanda ya sani, kuma kar kunya ta hana ki bincike a gaban mai shago. Ki duba lafiyar batir a cikin setin, in ya yi ƙasa da 80 ki cire kuɗin sabon batir daga ciniki, in kuma kin ga 100 cif a wayar da ta shekara haka ki yi shakka, ana murɗa shi. Ki sa fuskarki ki ga Face ID na aiki. Ki sa sim ɗinki na kanki ki kira, don akwai waɗanda ke kulle da layin ƙasar waje. Uwa uba a goge wayar tas a gabanki a sake kunna ta, in ta nemi iCloud ɗin wani toh ki ajiye ta ki kama hanya, ko ta sata ce ko ta rigima. Ni kaina an taɓa yi min, wani shago da ba zan kama suna ba, na biya kuɗin 13 Pro ashe XR ce aka sa wa sabuwar riga, kyamara uku a baya amma ɗaya ce mai gani sauran ado ne, sai da na je gida na lura, na koma mutumin ya rantse min shi ma haka aka kawo masa. Da ni ne ke, in kuɗin nan shi ne rabin jarina, sabuwar Infinix zan ɗauka in sayi fitilar ɗaukar hoto da canjin, don rabin kyan hoto haske ne.

"Gaskiya ne Apple na rage wa tsofaffin wayoyi gudu da gangan don a sayi sababbi? Kuma me ya sa ba caja a kwali?" Daga wani a Maraɗi.

Rage gudun ya faru malam, ba jita-jita ba ce. A Disamba 2017 suka amsa da bakinsu cewa suna rage ƙarfin wayoyin da batirinsu ya gaji, wai don kar su riƙa mutuwa farat ɗaya. Dalilin yana da ma'ana, laifin shi ne ba su gaya wa kowa ba, mutane suka yi ta sayen sabuwa alhali batir kawai za su canza. Suka ba da haƙuri suka rage kuɗin batir daga dala 79 zuwa 29 a 2018, Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020, a Amurka ma suka yarda da biyan diyyar da za ta iya kai dala miliyan 500. Saboda haka in taka ta fara nauyi ka fara da batir.

Caja kuma daga iPhone 12 suka cire a 2020 suka ce don kare muhalli, amma ban ga sun rage ko dala ɗaya ba. Samsung suka yi musu shaguɓe, bayan wata uku suma suka cire a wayarsu S21. Bakin cajin ma da suka koma USB-C a iPhone 15 ba don Allah ba ne, dokar Tarayyar Turai ce ta matsa musu. Ka lura da wani abu in za ka saya, wayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka daga iPhone 14 zuwa sama ba su da gidan sim ko ɗaya sai eSIM, wato sim mara kati da ake sawa ta cikin setin, ka fara tambayar kamfanin layinka ko yana yi, balle ku da kuke yawo da layin Nijar da na Najeriya.

"Bikina saura wata 3, an aiko min cewa a sa iPhone Pro Max a lefe, ni kuma albashi nake ɗauka. Ya zan yi?" Daga ango mai jiran gado, Gusau.

Ango ka sha ƙamshi, amma ka fara gano wa ya aiko, ita ce ko ƙawaye, don sau da yawa amarya ba ta ma san an yi ba. Ka zauna da ita ka faɗa mata kuɗin a fili, ka ce ga abin da zai saya, ko firji da sola a gidan da za ta zauna ko waya, ta zaɓa. Kar dai ka ci bashin manhajojin nan masu kiran duk lambobin wayarka in ka makara, kuma kar ka kuskura ka sa 'yar canjin riga irin wadda aka sayar min, don ranar buɗe akwati akwai ƙanwar amarya 'yar shekara 15 da za ta shiga setin a gaban gwaggonni ta karanto sunan wayar da ƙarfi.