Yayana ya rasu a gida, ya taɓa cewa yana da inshorar rai a Amurka amma ba mu ga takarda ba

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Bronx ce ta aiko da wannan. Ta ce yayanta ya daɗe yana aikin gadi a New York, yana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ya je gida Kano hutu sai rashin lafiya ta kama shi Allah ya yi masa rasuwa can, ya bar mata da yara uku a gida. Ta ce ya taɓa gaya mata yana biyan inshorar rai amma sun bincike ɗakinsa kaf ba su ga komai ba, ko sunan kamfanin ba ta sani ba, shin kuɗin sun tafi kenan?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

'Yar'uwa kuɗin ba su tafi ba don takarda ta ɓata, kamfani yana da nasa rikodin, idan inshorar tana aiki ranar da ya rasu toh haƙƙin yana nan. Matsalar dai shi kamfanin bai san ya rasu ba, tunda a Kano ya rasu babu wanda ya sanar da kowa a Amurka, don haka in kun zauna jira ba wanda zai kira ku.

Ki fara da wajen aikinsa tun kafin komai. Yawancin mutanenmu da ke cewa suna da inshorar rai ba su je sun saya da kansu ba, ta wajen aiki ce, ana cire ɗan wani abu daga albashi ko ma kamfanin da yake wa aiki ne ke biya, kinga irin wannan ba lallai a samu wata takarda a ɗaki ba. Ki kira ofishin ma'aikata na kamfanin ki ce ya rasu kina tambayar ko yana cikin inshorar rai ta ma'aikata, ki kuma tambaya ko ɗan yuniyon ne, masu gadi da yawa a New York suna ƙarƙashin 32BJ kuma yuniyon ɗin na da asusun da ke kula da haƙƙoƙin membobi. Abin da za su duba shi ne ko yana kan aiki lokacin da ya rasu, wato hutu ya ɗauka ko ajiye aikin ya yi kafin ya tafi, domin irin wannan inshorar yawanci tana tsayawa ne in mutum ya bar aiki.

Sai banki. Dan Allah kar ku yi saurin rufe akawun ɗinsa, kar kuma wani ya ɗauki katinsa yana cire kuɗi ko da don hidimar iyalinsa ne, doka ba ta yarda ba bayan mutum ya rasu kuma zai iya jawo muku matsala. Ki duba takardun banki da ke zuwa ta akwatin wasiƙa, ki bi su wata-wata ki ga ko akwai wani kamfani da ke cire adadi ɗaya kowane wata, ki duba imel ɗinsa in wayarsa tana hannunku, ki ci gaba da duba wasiƙunsa domin in biya ya tsaya kamfani zai aiko da takardar tuni, sau da yawa ta nan ake gano sunan. Kuma ko an ga biya ya tsaya kar ki karaya, ana ba mutum rangwamen kwana 30 ko 31 bayan lokacin biya ya wuce, in ya rasu a cikin kwanakin nan suna biya.

In duk wannan bai ba da komai ba akwai manhajar bincike ta NAIC, ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohin Amurka, sun buɗe ta a 2016 kuma kyauta ce. Za ki sa cikakken sunansa da lambar soshiyal ɗinsa (Social Security) da ranar haihuwa da ranar rasuwa, lambar tana kan takardar W-2 (ta albashin shekara da wajen aiki ke bayarwa) ko takardun harajinsa, su kuma kamfanoni su duba rikodinsu. Yana iya ɗaukar kwanakin aiki 90, kuma ki sani ba za su ce miki komai ba sai in an samu kuma ke ce wadda ya rubuta za ta karɓa ko kina da izinin kotu, don haka shiru ba ya nufin babu. Ki rubuta sunan daidai yadda yake a katin soshiyal ba yadda kuke kiransa a gida ba, Muhammad da Mohammed a wajen kwamfuta mutum biyu ne. In shekaru sun wuce ba wanda ya nema kuɗin na komawa hannun jiha, a New York ofishin kwanturolan jiha ke riƙe su, sauran jihohi kuma ki duba shafin intanet na MissingMoney, duk kyauta ne, duk wanda ya ce ki biya shi kafin ya nemo miki ki rabu da shi.

Inda na fi ji muku shi ne takardar shaidar mutuwa. A wajenmu ana rasuwa da safe kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, ba wanda ke tunanin takarda, su kuma kamfanonin nan suna tsananta bincike sosai in mutum ya rasu a ƙasar waje. Ki sa wani mai hankali a gida ya karɓo takardar likita daga asibitin da ya kwanta mai nuna dalilin rasuwa, sannan ya je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar mutuwar a ba da satifiket, a adana fasfonsa da girin kad da tikitin jirgi da rasit ɗin asibiti, suna da ranar haihuwa su zo daidai da na takardunsa na Amurka. Wallahi kar a je a sayo takarda ko a gyara kwanan wata don a sauƙaƙa, suna iya tura mai bincike har asibitin, ƙarya ɗaya za ta rusa haƙƙin marayun gaba ɗaya. In kuma inshorar ba ta kai shekara 2 ba za su sake bin abin da ya faɗa game da lafiyarsa lokacin da ya cike fom, wannan ƙa'ida ce ba wai ku kaɗai ake wa ba, haƙuri za ku yi.

Zaman matarsa a Kano ba ya hana ta karɓa in sunanta ya rubuta, za ta cike fom ɗin kamfani da W-8BEN (fom ɗin haraji na wanda ba ɗan Amurka ba) ta haɗa da fasfonta. In sunan yaran ne ba sa miƙa wa ƙaramin yaro kuɗi kai tsaye sai an samu waliyyin da kotu ta amince da shi, in bai rubuta kowa ba kuma yawanci kuɗin na shiga cikin dukiyar mamaci, sai an je kotun gado ta gundumar da yake zaune a New York, a nan ki nemi lauya.

In ya zama sunanki ya rubuta, domin da yawa suna sa ɗan'uwan da ke kusa da su a can, a dokar Amurka kuɗin naki ne ba mai tuhumarki. Amma ni dai inaga mutumin da ya bar yara uku a gida amana ya ba ki. Malamai sun yi saɓani kan inshorar rai da yadda ake yi da kuɗinta, don haka ki sanar da matarsa da manyan gidanku tun yanzu cewa kina wannan binciken, in kuɗin sun fito ku zauna da malamin da ya san rabon gado, a fara tambayar ko ana binsa bashi, kuma duk abin da aka tura gida a tura ta banki a ajiye rasit.