Tambaya da Amsa: Rumbun bayanai na jan ƙafa wajen UPDATE

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da manhajar wani shagon sarin kayan gyaran babura a Garwa, an gina ta da PHP da MySQL. Idan farashi ya sauya mukan ɗora fayil mai kaya kusan 20,000, manhaja ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa. Shafin sai ya yi ta juyawa, ƙarshe ya fito da 504. Maigida ya ce a sayi sabar da ta fi wannan. Shin hakan zai magance? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ce wa Alhaji ya riƙe kuɗinsa tukuna. Lambar 504 na nufin Nginx, manhajar da ke miƙa shafin ga mai buɗe shi, ya gaji da jiran PHP ne, domin daƙiƙa 60 yake jira idan ba a sauya masa ba. Kada ka ƙara wannan wa'adi, ɓoye ciwon kawai za ka yi.

Fara da ɗauko umarni ɗaya daga cikin 20,000 ɗin, ka sa EXPLAIN a gabansa, don MySQL ya nuna maka yadda zai nemo layin:

`EXPLAIN UPDATE kaya SET farashi = 4500 WHERE lambar_kaya = 'BB-1042';`

Dubi abin da ke ƙarƙashin `rows`. Idan ka ga 1, madalla. Idan ka ga adadin da ya kusa yawan kayan teburin gaba ɗaya, to babu fihirisa (index, jerin da ke kai MySQL ga layi kai tsaye) a kan `lambar_kaya`, kuma MySQL na karanta teburin daga farko har ƙarshe kafin ya gyara layi guda. Yi lissafi: layi 20,000 sau umarni 20,000, karatu miliyan 400 ke nan don aikin da bai taka kara ya karya ba. Maganinsa:

`CREATE UNIQUE INDEX idx_lamba ON kaya (lambar_kaya);`

In ya ƙi, akwai lambar da ta maimaitu a teburin, sai ka tsabtace ta, don ita ma wata matsalar ce da ke jiranka.

Wani lokaci fihirisar na nan amma MySQL ba ya waiwayarta. Abin da ya fi jawo haka shi ne gurbin VARCHAR ne, kai kuma ka aika lamba tsirara babu alamar zance, wato `= 1042` a maimakon `= '1042'`. Dole sai ya mayar da kowane layi lamba kafin ya gwada, fihirisa ta tashi a banza. Haka ma in ka rubuta `TRIM(lambar_kaya)` ko `UPPER(lambar_kaya)` a cikin WHERE. Gyara lambar a PHP kafin ta iso.

Bayan fihirisa sai batun COMMIT, wato tabbatar da gyara a rumbun, kuma a nan yawancin masu irin aikinka ke asarar lokaci. MySQL yana zuwa da `autocommit` a kunne, don haka kowane UPDATE sai ya tsaya an tabbatar rubutunsa ya sauka a faifai kafin na gaba ya wuce. Tamkar wanda zai ajiye sefa miliyan biyu a banki ne, amma yana miƙa ɗari-ɗari, kowace ɗari sai akawu ya buga mata hatimi. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye 120 ne a daƙiƙa, saboda haka tabbatarwa 20,000 za ta ci kusan minti uku ko da komai lafiya lau. SSD ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma shi ma ba kyauta yake yi ba. A PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbun, ka kira `prepare` sau ɗaya a wajen zagayen, ka buɗe `beginTransaction()`, ka aika umarni 1,000, ka yi `commit()`, ka sake buɗewa. Tsayawa 20,000 ta koma 20. Ban ba ka shawarar cusa duka cikin ɗauri ɗaya (transaction, wato daga buɗewa zuwa commit) ba, domin layukan za su zauna a kulle har ka gama, yaran shago kuma na son sayarwa.

Hanyar da na fi so ma ta wuce wannan. Buɗe tebur na wucin gadi mai suna `sabon_farashi`, ka zuba fayil ɗin ciki da INSERT mai ɗauke da layi 500 a tafiya ɗaya, ka sa fihirisa a kan lambar, sannan umarni guda:

`UPDATE kaya k JOIN sabon_farashi s ON s.lambar_kaya = k.lambar_kaya SET k.farashi = s.farashi WHERE k.farashi <> s.farashi;`

Wannan ya kawar da kai-kawo tsakanin PHP da rumbun. Idan injinansu daban ne, kuma kowace tafiya na cin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa, to 20,000 daƙiƙa 100 ce a hanya kurum. Ka tabbata tebura biyun tsarin haruffansu ɗaya ne, kada wannan ya kasance `latin1` wancan `utf8mb4`, in ba haka ba JOIN na iya watsar da fihirisar. Sannan ka fitar da aikin daga shafin: a karɓi fayil, a ce wa mai ɗorawa "an karɓa", cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara masa, ya gudanar a bayan fage.

Tambaya: Muna karɓar oda ta intanet a Kusuri, ana biya ta waya. In ciniki ya yi yawa sai mu riƙa ganin "Lock wait timeout exceeded", alhali teburin bai kai layi 3,000 ba. Daga wani matashi a Kusuri.

Amsa: Ɗan'uwa, naka UPDATE ɗin ba nauyi ya yi ba, jira yake. Wani ya kulle layin da yake so, ya jira daƙiƙa 50 da InnoDB, injin ajiya na MySQL, ke bayarwa, sai kuskure mai lamba 1205 ya fito. Ƙaramin tebur ba ya hana wannan.

Na fi zargin jerin aikin. Duba ko manhajar na buɗe ɗauri, ta rage kayan da ke ajiye, sannan ta aika wa kamfanin waya buƙatar biya, ta zauna jiran mai saye ya lalubo wayarsa ya danna lambar sirri, kafin ta yi COMMIT. Duk tsawon wannan lokaci layin na kulle, kuma duk mai son wannan kaya ya tsaya. Raba aikin gida biyu. A na farko ka rage kaya, ka rubuta oda da matsayin "ana jiran biya", ka yi COMMIT nan take. Sai ka kira kamfanin waya babu kulle a hannunka. In saƙon biya ya dawo, ɗauri na biyu ya mayar da odar "an biya". Wadda ta yi minti 15 shiru, cron ya soke ta ya mayar da kayan.

Ragewar kuma kada ka karanto adadi zuwa PHP ka cire ka mayar. Bar wa rumbun:

`UPDATE kaya SET saura = saura - 1 WHERE id = 77 AND saura >= 1;`

In `rowCount()` ya ba ka 0, kaya sun ƙare.

Lokacin da abin ke faruwa, gudanar da `SELECT * FROM sys.innodb_lock_waits;` za ka ga mai jira da wanda ya tare shi. Abu biyu kuma ka leƙa. UPDATE marar fihirisa a InnoDB yana kulle duk layin da ya ratsa, ba wanda ya gyara kaɗai ba, don haka amsar da na ba mutumin Garwa ta shafe ka. Sannan in akwai layi ɗaya na "jimillar cinikin yau" da kowace oda ke taɓawa, cire shi, ka riƙa tarawa da SUM lokacin da ake son rahoto. Idan manhajar tsohuwa ce, `SHOW TABLE STATUS` zai nuna ko teburin MyISAM ne, wanda ke kulle tebur ɗungurungum a kowane rubutu.

Tambaya: Manhajar makarantarmu a kan PostgreSQL take. Na sa fihirisa a kowane gurbi na teburin makin ɗalibai, amma shigar da maki a ƙarshen zango ya ƙara nauyi. Daga wata malama a Marwa.

Amsa: Malama, gishiri ya yi yawa. PostgreSQL ba ya gyara layi a inda yake, sabon kwafi yake rubutawa ya bar tsohon sai VACUUM, aikin sharar tebur, ya share. In gurbin da aka sauya yana da fihirisa, to duk fihirisoshin teburin sai sun sami sabon shigarwa. In ba shi da ita, kuma akwai fili a shafin da layin yake, sai a yi gyaran da ake kira HOT, ba a taɓa fihirisa ko ɗaya ba. Saboda haka cire ta daga gurbin maki da gurbin lokacin gyara. Ki bar guda ɗaya da ta haɗa lambar ɗalibi, darasi da zango, tunda da su ake nema. A `pg_stat_user_indexes`, wadda `idx_scan` ɗinta ke 0 bayan zango guda ba ta da aiki, sai dai in ta UNIQUE ce mai hana maimaici. Ki kuma sa `fillfactor` na teburin, wato kason shafi da ake cikawa, a 85 don a bar fili. Hattara da EXPLAIN ANALYZE a kan UPDATE, da gaske yake gyarawa: sa shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK.

Tambaya: An ce in mayar da `innodb_flush_log_at_trx_commit` zuwa 2, wai sauri zai ninka. Sabarmu a ofis take. Daga Njamena.

Amsa: Saurin gaskiya ne, amma in aka ɗauke wuta ko injin ya mutu, kana iya rasa kusan daƙiƙa ɗaya ta cinikin da manhaja ta riga ta ce ya shiga. Sabar da ke ofis, a garin da ake kunna janareto, kuma bayanan kuɗi ne? Bar shi a 1, inda ake tabbatar da kowane COMMIT a faifai. Abin da ya fi cancanta ka taɓa shi ne `innodb_buffer_pool_size`, wato girman RAM ɗin da InnoDB ke riƙe bayanai a ciki, wanda ke zuwa da 128MB kacal. In injin na da 4GB kuma PHP na zaune tare da shi, ba shi 1GB zuwa 1.5GB. Ka kunna `slow_query_log`, mai rubuta umarnin da suka daɗe, ka sauke `long_query_time` daga daƙiƙa 10 zuwa 1, ka bar shi ya wuni ranar da aiki ya fi yawa, sannan ka bi umarnin da suka fi maimaituwa a ciki da EXPLAIN.