Amsar gwaggo daga Kumasi kan karatun ƙafar masu ciwon suga

Ɗiyata, saƙonki ya iso, ina fata duk kuna lafiya. Kin ce kin kammala makarantar jinya, kuma tun da aka yanke wa maƙwabcinku ƙafa saboda ciwon suga hankalinki ya karkata ga wannan fanni, kina tambaya ko akwai karatunsa a Ghana, ko ki tattaro ki taho. Allah ya yi miki albarka, domin fanni ne da masu shigarsa ba su da yawa, alhali mabuƙatansa sun cika unguwanni.

Gaskiyar magana, kada ki zo da tunanin akwai makarantar da za ta ba ki digirin likitan ƙafa a nan Kumasi. Mai son wannan digiri a Afirka, Jami'ar Johannesburg yake nufa. A nan Ghana ta ƙofar jinya ko likitanci ake shiga, sannan mutum ya ƙware a bakin aiki. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, yana da sashen masu ciwon suga, kuma ɗaliban KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, a can suke koyon aiki. A Accra kuma, cikin asibitin Korle Bu, akwai cibiyar ƙasa ta kula da ciwon suga da bincike a kansa. Kafin ki taɓa majinyaci sai hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Ghana ta tantance takardunki ta yi miki rajista. Ɗalibin waje da dala yake biyan kuɗin makaranta. Fasfon ECOWAS kwana 90 yake ba ki, daga nan sai takardar izinin zama. Kada ki sa rai da aikin gwamnati, 'yan ƙasa ma sukan daɗe suna jira.

To amma ilimin kansa ba ya jiran biza. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu ciwon suga, IWGDF, tana fitar da ƙa'idojinta tun 1999, ta sabunta su a 2023, kuma kyauta suke a intanet. Ki sauke ki fara karantawa tun kina gida. Ki nemi monofilamen mai giram 10, wani ɗan siririn zaren roba ne. Za ki sa majinyaci ya rufe ido, ki danna zaren a ƙasan babban yatsa da tudun tafin ƙafa har ya ɗan lanƙwasa, ki tambaye shi ko ya ji. Ranar da dattijo zai yi shiru, kina dannawa yana jiran ki fara, ranar za ki gane yadda ƙusa ke kwana a ƙafar mutum bai sani ba. Suga ya kashe jijiyoyin ji, wani lokaci ya toshe hanyar jini, sai ƙaramin rauni ya zama gyambo. Shi ya sa bayan zaren sai ki laluba bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu, ki buɗa tsakanin yatsu, sannan ki ɗauki takalminsa ki zura hannu a ciki. Kusan kashi 85 cikin ɗari na yanke ƙafar masu ciwon suga da gyambo yake farawa. A Tanzaniya, shirin da Dakta Zulfiqarali Abbas na Dar es Salaam ya jagoranta tun 2003 da irin waɗannan ƙananan abubuwa ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya.

Abin da ya sa nake son ki zo kuwa, zango ne, wato unguwanninmu na Hausawa a nan Kumasi. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango akwai tsofaffinmu da ba sa sakin jiki su faɗi damuwarsu sai da Hausa. Wata za ta ce miki asiri ta taka, ta yi wata guda tana ɗaura ganye kafin a kawo ta, ƙafa ta riga ta yi baƙi tana wari. Ga alwala sau biyar ba a tsane tsakanin yatsu, ga tafiya da silifas ko ba takalmi a harabar masallaci da tsakar rana, ga mai yankan farce da ke yawo da rezarsa, ga faso lokacin hunturu, ga lalle da ke rufe launin fata har ba a ganin ja ko kumburi da wuri. Wanda bai tashi cikin wannan rayuwa ba, ba zai san ya tambaya ba. Ke kin sani. Babban binciken RODAM, wanda ya kwatanta 'yan Ghana na gida, har da na Kumasi, da waɗanda ke Amsterdam da Berlin da Landan, ya nuna ciwon suga ya fi yawa a birni fiye da karkara. Ina son in ga 'yar Hausa ta ɗauki tambaya guda, misali tsawon lokacin da mutanen zango ke ɗauka tsakanin fitowar rauni da zuwa asibiti, da abin da ke hana su, ta yi digiri na biyu a kai.

Shawarata ki fara yin shekara guda a asibitin da ke ganin masu ciwon suga a can gida, kina wankin gyambo da hannunki, kina rubuta abin da kika gani. Ki soma koyon Tuwi, harshen Ashantawa, don yawancin majinyatan Gee da shi za su yi miki magana. Ki nemi takardar shaidar rajistarki ta Najeriya da sakamakon jarrabawarki, ki turo min hotonsu in kai wa waɗanda suka san kan neman gurbin karatu. Masauki kam kada ya dame ki, ɗakinki yana nan. Ki gaida babanki, ki ce masa zan kira shi mu tattauna maganar kuɗin makaranta.