Amsa ga mai shirin hawan Dutsen Tubkal a watan Janairu

Ƙanena, ka ce daga Katsina za ka tafi Maroko a Janairu, abokan karatunka sun gayyace ka hawan Tubkal, kana tambaya ko rigar sanyi da kambas ɗin da kake sawa da hunturu za su wadatar. Ba za su wadatar ba, musamman kambas ɗin.

Tsayin Tubkal mita 4,167 ne. Ana tashi daga ƙauyen Imlil, a bi ta Sidi Shamharush, a kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200, da asuba a nufi ƙololuwa. Jagora wajibi ne a hanyar. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ban da iskar da ke kaɗawa a sama. Sanyin Katsina busasshe ne, kana taka ƙasa. Can ƙanƙara za ka taka.

Ka nemi takalmin hawa mai taurin tafi da ke rufe idon sawu, domin a kansa ake ɗaura ƙarfe mai haƙora 10 zuwa 12 da ke cizon ƙanƙara. Kambas na lanƙwasawa, sai ƙarfen ya kwance kana tsakiyar gangara. Ana ba da hayar ƙarfen da gatarin ƙanƙara a Imlil. Ka gwada ƙarfen a takalminka tun a shago. In ka ɗaura, ka ware ƙafafu kaɗan, don haƙoran kan kama ƙafar wando su kayar da mutum. Ka dire tafin gaba ɗaya, kada ka taka da gefe. Gatarin yana hannun da ke ɓangaren tudu. Ka sa jagora ya koya maka tsayar da kanka da shi in ka zame, a wuri mara haɗari, kafin ranar hawa.

Dalilin sammako shi ne da asuba dusar ƙanƙara na da tauri, ƙarfe na kamawa. Rana na ɗagawa sai ta yi laushi, ta dunƙule a ƙarƙashin ƙarfen kamar laka a damina, haƙoran su daina aiki. Ka riƙa bugun gefen takalmin da gatari tana zubewa. Saukowa ta fi hawa santsi, ga gajiya, saboda haka ku yanke lokacin juyawa tun a masauki, ko kun kai ko ba ku kai ba.

Tufafi hawa uku: ta ciki mai tsane gumi, ta ulu a tsakiya, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga kam a'a, tana shan gumi, kana tsayawa ta huce a jikinka. Safar hannu biyu, hula mai rufe kunne, da baƙin tabarau, don hasken da ke dawowa daga ƙanƙara na ƙona ido. Ruwa aƙalla lita 2, gorar a kife cikin jaka, saboda daga sama yake fara daskarewa. Waya a aljihun ciki, sanyi na cinye caji. Alwala a masauki, ka tsane ƙafa sarai kafin safa.

In yatsa ya yi fari ya daina jin taɓi, kada ka murza, kada ka kanga shi a wuta irin jin ɗuminmu na gida. Fatar da ba ta ji za ta ƙone ba ka sani ba. A sa shi a hammata, in an isa masauki a ruwan ɗumi na digiri 37 zuwa 39.

Ciwon kai da tashin zuciya alamar ƙarancin iska ce, kada ka ƙara hawa. In ya tsananta a sauko. Kuma in kana da sikila, ko ka san kai AS ne, ga likita kafin ma ka sayi tikiti.