Baba na shan maganin hawan jini, za mu iya haɗa masa da na gargajiya?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kina so ki fara ba shi zoɓo da tafarnuwa alhali yana kan ƙwayoyin asibiti.

Don Allah kada a ajiye ƙwayar. Hawan jini ba ya yin sallama, mutum yana jinsa garau sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Zoɓo kuwa da gaske yana ɗan sauke jini, to idan ya haɗu da ƙwaya jinin na iya sauka fiye da kima, Baba ya riƙa ganin jiri in ya miƙe. Tafarnuwa mai yawa tana tsinka jini, haɗari ce ga mai shan warfarin, wato maganin tsinka jini na asibiti. Jiƙon da aka sa wa kanwa ma ki nisanta shi, gishirinta yana ƙara hawan jini.

Ki zuba komai a leda, har saiwoyin da ake jiƙa masa, ki kai wa likitansa ya gani, ya duba ƙodarsa. In ya amince, a fara da abu ɗaya, ana awon jini safe da yamma ana rubutawa. Maganin gargajiya na kwalba kuma ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, amma lambar ba shaidar waraka ba ce.