Tsirkiyar lut ta tsinke: wane kauri zan saya a nailan?

Tambaya: Malam, ina koyon kiɗan lut, molon nan na Turawan da. Tsirkiyata ta farko, ta hanjin tunkiya mai kaurin milimita 0.42, ta tsinke. In sayi nailan mai wannan kaurin in ɗaura?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka bi lambar kaurin. Abin da kake son ya dawo yadda yake shi ne ƙarfin jan da tsirkiya ke yi wa kayan kiɗan, shi kuwa nauyin tsirkiyar ne ke kawo shi idan tsawo da sauti ba su canza ba.

Kowace tsirkiya da nata nauyin. A santimita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, hanji yana kai giram 1.3, nailan bai fi 1.1 sosai ba, kabon kuwa, irin na igiyar fatsa mai tsada, 1.78 ne. Saboda haka nailan sai ya fi hanji kauri kafin nauyinsu ya zo ɗaya, kabon kuma sai ya fi shi siranta. Daga hanji zuwa nailan ka ninka kaurin da 1.1, zuwa kabon ka ninka da 0.86. Taka mai 0.42 za ta koma 0.46 a nailan, 0.36 a kabon.

Bambancin kamar ba komai ba ne, amma duba. Lut mai tsirkiya santimita 60, idan aka ja ta farko, ta hanji 0.42, zuwa sautinta da makaɗa ke kira G, jan yana kusan kilo 4. Ka sa nailan 0.42, ya sauko wajen kilo 3.3, sautin ya yi sanyi. Ka sa kabon 0.42, ya haura kilo 5 da rabi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin jakin lut, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiyoyi a kai, manna shi aka yi da gam a kan katako mai siranta, yana iya ɓallewa.

Idan ka samu Nylgut, tsirkiyar roba mai kwaikwayon hanji ta kamfanin Aquila na Italiya, ka huta da lissafi: nauyinsa kusan ɗaya ne da na hanji, sai dai yana miƙewa kwana da kwanaki kafin ya zauna. Manyan tsirkiyoyin da aka naɗe da waya kuwa wannan lissafi bai shafe su ba, lambar kamfanin da ya yi su za ka bi.